Kwalbar Kemis da Jan Ido: Fa'idodi da Illoli a Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi

Daga fara girbin gero har ƙarshen hunturu, da wuya ka zauna a majalisa a Ƙaura Namoda, ko ka ratsa kasuwar Shinkafi, ba ka yi kiciɓis da mai jan ido ba. Wani ƙaiƙayi ne ya faɗa masa wajen sussuka, wani ƙurar hanya ce ya sha a kan babur, mata kuma ga hayaƙin kara da itace safe da yamma. In aka yi rashin sa'a annobar jan ido ta Afolo ta shigo gari, sai ka tarar da gida guda, tun daga maigida har ɗan goye, kowa hawaye na tsiyaya. Mafi yawan mutanen nan wuri ɗaya suke nufa, wato shagon kemis, inda za a miƙo musu 'yar kwalba ko ɗan bututun man shafawa, a ce a riƙa sawa sau uku ko huɗu a yini.

Likitocin ido sun daɗe suna kuka da wannan ɗabi'a, kuma kukansu na da dalili. Sai dai duk wanda ya san ƙasar nan ya san cewa "je ka ga likitan ido" ya fi sauƙi a baki. Ƙwararru suna Gusau, a Cibiyar Lafiya ta Tarayya. In abin ya fi ƙarfin nan, sai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko asibitin ido na ECWA a Kano, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Mutumin Moriki ko Dauran ko Badarawa, kafin ya kai ko da Gusau, sai ya nemi kuɗin mota, ya bar aikin yini, sannan ya yi shahadar bin hanyar da kowa ya san halin da 'yan bindiga suka jefa ta. Akwai ma lokacin da, a Satumbar 2021, aka rufe kasuwannin mako-mako aka katse layukan waya a jihar, ko tambaya ta waya ba ta yiwuwa. Wanda ke cikin wannan hali ba zai daina zuwa kemis ba don an yi masa faɗa a rediyo. Abin da zai amfane shi shi ne ya san wace kwalba ce ke taimako, wacce ce ke cutarwa, kuma wane jan ido ne ba na kemis ba ne ko kusa.

Jan ido shi kansa alama ce, ba cuta ba. Farin ido yana lulluɓe da wani siririn tantani mai cike da ƙananan jijiyoyin jini, waɗanda ba a cika ganinsu ba sai wani abu ya tsokane su sun kumbura. Ƙura na iya tsokanarsu, haka ƙwayar cuta, haka rauni, haka ciwon da ke can cikin ƙwayar ido. Shi ya sa mutum biyu za su zo da ido iri ɗaya jawur, ɗaya ya warke cikin mako ko bai sa komai ba, ɗayan kuma in ya yi sakaci na kwana uku ya rabu da idon har abada.

Mu fara da alherin kwalbar, don tana da shi. Akwai jan idon da ƙwayoyin bakteriya ke kawowa, wanda ake ganewa da kwantsa mai kauri, rawaya ko kore-kore, ido ya wayi gari a liƙe. A kan irin wannan, maganin ɗigawa na kuloramfenikol ko man tetarasaikilin na aiki, ga araha, ga shi illarsa kaɗan ce in an yi amfani da shi na 'yan kwanaki. Ko a Ingila, inda likita ba ya wuyar gani, tun 2005 aka yarda a sayi kuloramfenikol na ɗigawa a kantin magani ba tare da takardar likita ba. A wannan shekarar ce kuma masu bincike a Oksfod suka fitar da sakamakon gwajinsa a kan yara 326: rabi aka ɗiga musu maganin, rabi aka ɗiga musu ruwan da ba magani a ciki. Bayan kwana bakwai kashi 86 cikin 100 na masu magani sun warke, na marasa magani kashi 83. Wato yawancin irin wannan ciwon jiki da kansa yake kore shi. Amma kada a ɗauki lissafin Oksfod a ɗora wa Zurmi kai tsaye. Yaron can yana da famfo a ɗaki, ba ƙuda a fuskarsa, ba tamowa a jikinsa. Yaron da ke kwana a ajin makarantar da aka mayar sansanin gudun hijira, inda ruwan wanke fuska ma sai an yi tsimi, ya fi shi buƙatar wannan ɗan taimako nesa ba kusa ba.

Abin da ke faruwa a shagon mai kemis mai hankali ba ɓoyayye ba ne. Uwa za ta shigo riƙe da hannun yaro, ta ce, "Likita, duba min idon wanga yaro. Tun shekaranjiya shina tashi da kwantsa, sai na sa ruwan ɗumi kana ya buɗe." Shi kuma ya ce, "Inna, ya bugu ne, ko wani abu ya faɗa mai? Shina gani lafiya? Haske na damu nai?" Ya kunna fitilar wayarsa ya haska daga gefe, ya ga baƙin idon fes yana sheƙi. Sai ya nuna mata yadda ake yi: ta wanke hannu da sabulu, ta goge kwantsar da tsumma mai tsabta daga wajen hanci zuwa wajen kunne, ta ja fatar idon ta ƙasa da yatsa, ta matsa man tsawon ƙwayar shinkafa a cikin lungun ba tare da bakin bututun ya taɓa ido ba. Ya ƙara da cewa in an kwana biyu ba sauƙi, ta kai shi asibiti. Wannan aiki ne na kirki, kuma dubban idanu sun tsira ta haka.

Man shafawar yana da wani amfanin da manoma ya kamata su sani. Idan ganye ko ƙaiƙayi ya karce saman baƙin ido, ƙofa ce ta buɗe wa ƙwayoyin cuta. A gundumar Baktafur ta ƙasar Nefal an koya wa ma'aikatan lafiya na ƙauye su riƙa ba da man kuloramfenikol na kwana uku ga duk wanda ya zo da irin wannan karcewa. A sakamakon da aka fitar a 2001, cikin mutum 442 kashi 96 cikin 100 sun warke ba tare da gyambo ba, kuma waɗanda suka zo da wuri su suka fi tsira. Wani babban gwajin da aka sake yi daga baya a ƙasar bai nuna raguwar gyambon ido a al'umma baki ɗaya ba, don haka ba za a ce man ya gama komai ba. Amma ga mutum guda da ya karce ido a gona da hantsi, man kashe ƙwayoyin cuta kafin dare ya fi zaman jira.

Sai amosanin ido, tsohuwar cutar ƙasashe masu ƙarancin ruwa. Ƙwayar cutar na bin hannu da tsumma da ƙafar ƙuda daga idon yaro zuwa na wani. Kamuwa kan kamuwa sai cikin fatar ido ya yi tabo, fatar ta lanƙwashe ciki, gashin ido ya riƙa gogar baƙin ido, abin da ake kira gira, har hakiya ta rufe gani. Mata sun fi maza shan wannan wahala saboda su ke tare da yara. Man tetarasaikilin ɗin nan na kemis, sau biyu a yini har mako shida, magani ne da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, ban da ƙwayar azitiromaisin da aka yi ta rabawa kyauta a jihohin arewa, har da Zamfara, tare da ƙungiyoyi irin su Sightsavers. Ghana ta rabu da amosanin ido a matsayin matsalar al'umma a 2018, Gambiya a 2021, Mali da Benin a 2023, kuma ba da wani magani mai tsada suka yi ba. Wanda gashin idonsa ya riga ya juya dai, man ba zai miƙar da shi ba, tsigewa da hantsaki ma sauƙin ɗan lokaci ne. Ƙaramar tiyata ce maganinsa.

Akwai wata fa'idar da ba a cika faɗa ba, ni kuwa ina ganin tana da girma. Duk wanda kemis ya miƙa wa magani mai tsabta ya raba shi da abin da ya fi muni. Mun san abubuwan da ake zubawa a ido in ciwo ya yi tsanani: ruwan sukari, ruwan albasa, nonon mai shayarwa, ruwan ganye, ruwan batir, har da fitsari. Likitocin ido a Najeriya sun sha ganin mutanen da suka zo da ciwon sanyi a ido bayan sun wanke shi da fitsari don maganin Afolo, ita kuwa wannan ƙwayar cuta tana iya huda baƙin ido cikin 'yan kwanaki. Ruwan batir ƙuna ce tsagwaronta. Sukari kuma abinci ne ga ƙwayoyin cuta. Idan aka rufe kemis a Shinkafi yau, ba asibiti mutane za su cika ba, waɗannan abubuwa za su koma wa.

To, ina matsalar take? Mafi girmanta tana cikin kwalba iri ɗaya, wadda abin takaici ita ce jama'a suka fi yabo. Maganin ɗigawa mai sinadarin sitiroyid ke nan. Ana sayar da shi da sunaye irin su Betnesol-N da Maxitrol da Sofradex da wasu da dama, galibi a haɗe da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Hanyar gane shi ita ce a duba jerin sinadaran da ke jikin kwali: in an ga Dexamethasone ko Betamethasone ko Prednisolone ko Hydrocortisone, to shi ne. Aikinsa kwantar da kumburi da ja da ƙaiƙayi, kuma yana yin haka da saurin da ke ba mutum mamaki. Ka ɗiga da dare, ka wayi gari ido fari tas. Daga nan sai labari ya bazu a majalisa, kowa ya zo yana cewa, "Ba ni wanda ke ɗauke ja dare ɗaya." Mai kemis kuma yana son a ce maganinsa na ci.

A hannun likitan da ya duba ido da na'ura, sitiroyid magani ne mai daraja, akwai ma cututtukan cikin ido da ba su da magani sai shi. Amma yadda yake kwantar da kumburi shi ne ta hanyar danne garkuwar jiki a wurin. Mu ɗauki manomin da kaifin ganyen dawa ya shafe shi a ido lokacin girbi. Tsirrai da ƙasa suna ɗauke da ƙwayoyin cuta dangin funfuna, waɗanda maganin bakteriya ba ya taɓa su. Kwana biyu ido na hawaye, yana jin kamar tsakuwa a ciki, sai ya sayi mai ɗauke ja. Ranar farko sauƙi, rana ta biyu sauƙi, har ya koma gona. A ƙarƙashin wannan sauƙin funfunar na cin baƙin ido ba mai tare ta. Ranar da matarsa za ta ce, "Malam, mi ne wanga fari-fari cikin idonka?" gyambo ya riga ya kafu. Irin wannan gyambon ko a babban asibiti yana da wuyar sha'ani, ana ɗaukar makonni ana ɗiga magani kusan kowace sa'a, kuma sau da yawa abin da ake samu a ƙarshe hakiya ce, wani lokaci ma sai an cire idon. Garin neman gira an rasa ido. Haka abin yake da bairos ɗin nan mai fito da ƙurajen zazzaɓi a leɓe: in ya kama baƙin ido aka ɗiga masa sitiroyid, ɗan siririn miki sai ya faɗaɗa ya mamaye wurin.

Illa ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa, don ba ta zuwa da zafi. A cikin ido akwai ruwan da kullum ake samarwa yana kuma fita ta wasu ƙananan magudanai. Sitiroyid na toshe magudanan nan sannu a hankali, ruwa ya taru, matsin cikin ido ya hau, ya riƙa kashe jijiyar gani. Tun shekarun 1960 bincike ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin uku matsin idonsa na hawa in ya yi mako huɗu zuwa shida yana ɗigawa, kuma kusan biyar cikin ɗari nasu na hawa ƙwarai. Wannan ita ce gilakoma, wadda aka fi sani da hawan jinin ido. Tana fara cin gani daga gefe, mutum bai ankara ba sai ya fara karo da ƙofa, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma gilakoma ce ta biyu wajen jawo makantar bayan yanar ido. Mu da muke da wannan nauyi tun asali, bai kamata mu ƙara sayen wani da kuɗinmu ba. Yanar idon ma, dogon amfani da sitiroyid na kawo ta tun mutum na da ƙuruciya.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi a nan yara ne masu ƙaiƙayin ido na alaji. Kowa ya san su: galibi yara maza, kullum hannu a ido suna murza, farin idonsu ya koma ruwan ƙasa, wani lokaci da wani kauri-kauri a kewayen baƙin ido. Ciwo ne mai tafiya ya dawo shekara da shekaru, yakan lafa in yaro ya balaga. Da yake sitiroyid na kwantar da shi nan take, da an daina kuma ya dawo, sai uba ya riƙa sayen kwalba bayan kwalba, wata da watanni, cikin tausayi da ƙauna. Idon yara kuwa ya fi na manya saurin hawan matsi. Ana samun matashi ɗan shekara goma sha biyar da jijiyar ganinsa ta mutu, alhali ciwon da ake yi wa magani da ma zai wuce da kansa. Akwai magungunan alaji marasa wannan haɗari, irin su kuromogilaket da olofatadin. Na farkon ba shi da saurin aiki, yana son haƙuri na mako biyu ko fiye, a haɗa da wanke fuska da ruwan sanyi da hana murza. Su ya kamata a ce suna gaban kanta.

Afolo kuwa asarar kuɗi ta fi yawa a kanta. An fara ganin annobarta a Ghana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a duniyar wata, daga nan ta bi gaɓar teku ta iso Najeriya. Bairos ne ke kawo ta, don haka maganin bakteriya ba ya kashe ta. Ido ya kumbura, ya yi ruwa, wani lokaci jini ya kwanta a farinsa har ya ba da tsoro, amma cikin mako ɗaya zuwa biyu take wucewa. Ba a ɗaukarta ta kallon mai ita. Hannu ne, da tawul, da gefen mayafi, da matashin kai. Abin da ya fi yaɗa ta a gida ma sau da yawa ita ce kwalbar maganin kanta, in aka bi kowa da ita bakinta na taɓa ido bayan ido. Sabulu da tsumman kowa daban sun fi kwalba uku amfani.

Masu ɗiga irin Visine don ido ya yi fari su sani cewa matse jijiyoyi kawai yake yi, da ƙarfinsa ya sake jan ya dawo fiye da da.

Sai batun lafiyar kwalbar kanta. Kuloramfenikol na ɗigawa wuri mai sanyi yake so, shagon kwano kuwa a watan Afrilu a Ƙaura kowa ya san yadda yake, shi ya sa man shafawa ya fi jure yanayinmu. Kwalbar da aka buɗe ba ta wuce kwana 28, amma a gidaje da yawa tana nan kan taga tun bara, ana jiran wani ya yi ciwo. Ga jabu, wanda duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa ke rage haɗarinsa ko da bai kawar da shi ba. Gurɓataccen maganin ido ba abin wasa ba ne ko a ƙasashen da suka ci gaba: a 2023 a Amurka wani ruwan ɗigawa mai suna EzriCare ya harbi mutane fiye da 80 da wata ƙwayar cuta mai taurin kai, wasu suka makance, huɗu suka mutu. Akwai kuma kuskuren kwalba. Maganin kulohezidin da ake ba masu jego don cibiyar jariri ya yi kama da maganin ido a wasu ƙunsoshin. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi bayan an samu fiye da mutum 40, yawancinsu jarirai, a ƙasashen Afirka tara da aka sa musu shi a ido, wasu har suka makance. Duk ungozoma da kakar da ke wankan jego ya kamata wannan labari ya kai kunnenta.

Tunda an zo kan jarirai, ba zan wuce kwalli ba. Yana da matsayi a al'adarmu da addininmu, ba kuma wanda ke musun haka. Tambayar ita ce, mene ne a cikin tandun? Yawancin dutsen kwalli mai ƙyalli da ke kasuwa dutsen dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri, ɗan iyaye 'yan Najeriya a birnin Boston, da aka samu dalma ta yi yawa a jininsa. Da aka auna kwallin da ake zizara masa, wanda aka kai daga gida Najeriya, kusan kashi 83 cikin 100 dalma ce. Jariri na murza ido ya kai hannu baki, hawaye kuma na gangarawa ta hanci zuwa maƙogwaro. Zamfarawa ba sa buƙatar a yi musu bayanin gubar dalma, bayan yara aƙalla 400 da aka rasa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 sanadiyyar niƙan dutsen zinariya. Kwalli ba ya kisa irin wancan, amma dalma ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Sannan tsinke ɗaya da ake zizara wa gida duka da shi hanya ce ta Afolo da amosani. Idon da ya yi ja hutu yake so, ba kwalli ba.

Illar da ta rage ita ce jinkiri, kuma ita ce ke haɗa sauran. Kowace kwalba tana sayen kwana uku na "bari mu gani". Akwai jan idon da bai da kwana ukun nan. Jaririn da bai kai wata ɗaya ba, idonsa ya kumbura yana fitar da mugunya, allura yake buƙata a ranar, iyayensa ma sai an yi musu magani. Yaron da ke ƙyanda ko tamowa, ya runtse ido ya ƙi buɗewa, ko aka lura yana dundumi da magariba, ƙarancin bitamin A ne ke neman narkar masa da baƙin ido, kuma ƙwayar bitamin A ce ke ceto, ba ɗigo ba. Wannan ba labarin nesa ba ne. A tantancewar da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi tare da ma'aikatar lafiya a Yunin 2024, cikin yara fiye da 97,000 a Shinkafi da Zurmi, fiye da ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Ƙungiyar na aiki a manyan asibitocin garuruwan biyu, kuma can ya kamata a nufa da irin wannan yaro. Haka dattijon da ido ɗaya ya yi masa ja farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani da amai, yana ganin bakan gizo a kewayen fitila: matsin idonsa ne ya yi tashin gaggawa, sa'o'i ake ƙirgawa. Wanda siminti ko ruwan batir ko maganin feshi ya fantsamar wa, kada ya tsaya neman kemis, ya yi ta kwarara ruwa mai tsabta a idon na aƙalla minti 20, sannan a kama hanyar asibiti.

Rarrabe waɗannan bai buƙatar na'ura a matakin farko. A rufe lafiyayyen idon da tafin hannu, a ga ko mai ciwon na iya ƙirga yatsu daga nesa ko karanta rubutun da ya saba karantawa. In gani ya ragu, ba na kemis ba ne. A tambaya: ƙaiƙayi ne da jin yashi-yashi, ko ciwo ne mai zurfi da ke hana barci? Haske na soka? A haska fitila daga gefe: baƙin idon na sheƙi, ko ya dushe, ko akwai ɗigon fari? Ɗan baƙin tsakiya na tsukewa in haske ya faɗa masa, daidai da na ɗaya idon? An bugu, ko wani abu ya shiga, musamman wajen walda, sassaƙa ko aikin gona? Amsa ɗaya mara daɗi ta isa a nemi kuɗin mota. A asibiti abin da za a ƙara bai da ban tsoro: ana taɓa ido da wata 'yar takarda mai launin ruwan goro, a haska shuɗin haske, duk inda ya karce ko ya yi miki sai ya fito kore shar. Ana duba shi da na'ura mai ƙara girma, a auna matsinsa, wanda a lafiyayyen ido yakan tsaya tsakanin 10 da 21. Duka bai wuce 'yan mintoci ba.

A ganina, tambayoyin nan su ya kamata ma'aikatar lafiya ta jiha da ƙungiyar masu kemis su sa a bakin kowane mai shago daga Kasuwar Daji har Galadi. Horon yini biyu ya isa mutum ya iya su, kuma ofishin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya riga ya fitar da littafin koyar da kula da ido a matakin farko tun 2018. Sitiroyid na ido ba ya cikin abin da ya dace a sayar ba takardar likita. Mai kemis da ya ce, "Baba, wanga ya fi ƙarfina, ka tafi Gusau gobe da sassafe," ya yi asarar cinikin kwalba ɗaya, amma shi ne za a riƙa komawa wurinsa.

Wanda kuma ya karanta wannan ya je ya duba kwalinsa ya ga ɗaya daga cikin sunayen can, alhali ya yi makonni ko watanni yana ɗigawa, ko yana ɗiga wa ɗansa, kada ya sayi wata kwalbar. Ya ɗauki wadda ke hannunsa da kwalinta ya tafi inda ake auna matsin ido, ya faɗi gaskiyar tsawon lokacin da ya yi yana sawa. Likita na iya janye maganin kaɗan-kaɗan, don yankewa lokaci guda kan sa ciwon farko ya taso da ƙarfi. A wurin yawancin mutane matsin na sauka cikin 'yan makonni bayan an daina. Wasu, musamman waɗanda suka daɗe a kai, sai an haɗa musu da maganin rage matsi ko tiyata, kuma za a buƙaci su riƙa komawa awo ko da idon ya daina ja.